Zauren Kawu: Bazara ta ritsa marubuci a gida

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da zafi. Saƙonnin da suka shigo wannan watan kusan duk bakinsu ɗaya, kowa kukan zafi yake, har wanda tambayarsa ta rubutu ce sai ya fara da "wash". Na tsinci guda biyar. Ina rubuta amsar nan ne a tsakar gida nan Birnin Kebbi, shida da kwata na safe, daga ni sai singileti da zani, takarda a kan cinya, na danne gefenta da kofin silba saboda iska.

Tambaya: Salam Kawu ina wuni ya zafi. Dan Allah ni marubuciya ce ina sakin littafina a guruf ɗin WhatsApp feji ɗaya kullum, mutane sun biya kuɗinsu suna jira, to tunda watan uku ya kama wlh komai ya tsaya min, in na ɗau waya zan yi taifin sai ta ɗau zafi kaman dutsen guga ga gumi yana bin hannuna sikirin ɗin ma baya jin yatsa, ga ba wuta ga aikin gida, kafin dare na gaji tilis sai bacci, yau kwana tara ban saki komai ba har wasu sun fara cewa na ci musu kuɗi. Kai ya kake yi a irin wannan lokacin?
Daga wata ɗiyarka, Jega

Amsa: Wa alaikis salam ɗiyata, zafi alhamdu lillahi, lokacinsa ne. Ba ki ci kuɗin kowa ba, alkawari kika ɗauka da sanyin hunturu kika zo cika shi a watan huɗu, shi ne duk matsalar.

Bari in ba ki yadda yinina yake tukuna. In na dawo masallaci da asuba ba na komawa kwanciya, duk da kuwa a lokacin ne bacci ya fi daɗi, don duk awa ashirin da huɗun nan babu inda gari ya kai gab da fitowar rana sanyi. Daga wajen shida zuwa tara nan ne duk rubutuna na ranar yake, in shafi biyu ne biyu, in rabi ne rabi. Da sanyin safe ake kamun fara. Da zarar na ji takarda ta fara manne min a damtse, biro ya fara santsi a yatsa, sai in rufe littafi ko da ina tsakiyar jimla, kuma da gangan nake barin ta a tsakiya don gobe in samu bakin zaren da zan kama. Daga hantsi zuwa azahar sai 'yan aikin da ba su son ƙwaƙwalwa, in duba tantabaru, in leƙa kasuwa, in gyara abun da ya lalace a gida. Tsakanin azahar da la'asar kuwa, lokacin da ma'aunin zafi yake nuna 41 ko 42, ko kare ka kora ba ya gudu, ni ma ba na komai, ina kwance a ƙasan siminti da jiƙaƙƙen tawul a wuya, in na iya in karanta shafi uku na littafin wani, galibi ma littafin ne yake ƙarewa a fuskata.

Na san za ki ce Kawu safiyarka ba irin tawa ba ce, kuma gaskiyarki, ni ina dawowa masallaci kunu yana jirana, ke kuwa ke ce mai dama shi, ga shara ga shirin yara. To ki nemi naki ɗan tsakanin, ko rabin awa kafin kiran sallah ko bayan yara sun fita makaranta kafin a ɗora sanwa, ki rubuta a takarda, littafin 'yan makaranta ɗin nan ya isa. Takarda ba ta ɗaukar zafi, ba ta neman caji, ba kuma mai turo miki saƙo ta cikinta yana tambayar ina feji. In wata magana ta faɗo miki kina wanke-wanke ki danna rikodin ki faɗe ta da baki. Taifin ki bar shi sai dare a waje, kwafa ce kawai za ki yi ba tunani ba.

Ita kuma wayar, masu ƙera ta ma suna cewa ba ta son aiki in zafi ya haura digiri 35, mu kuwa inuwarmu ma ta wuce haka, saboda haka ki cire mata rigar robar nan, kada ki yi taifin tana jone da caji, kada ki aje ta a kan katifa ko filo, ki kwantar da ita a dandaryar ƙasa kusa da randa. Firji kuma a'a, na ga wanda ya yi, laima ta shiga cikinta ta tafi ke nan. Sannan yau ɗin nan ki shiga guruf ki faɗa musu gaskiya, feji uku a sati har ruwa ya sauka, su ma ai a cikin zafin nan suke, wanda zai yi fushi dama ko sau biyu kike saki a rana zai yi. Baɗi in Allah ya kai mu ki tara fejuka tun watan sha biyu da watan ɗaya ki zuba a rumbu.

Tambaya: Kawu ina kwana. Ni dai ƙara nika kawowa. Maigidana cewa shikai shi marubuci na, amma tun da bazarag ga ta kama ban ga ya aza biro bisa takarda ba. Da sahe shina wurin tantabarunai, da marece shina gindin dogon yaro wurin dara, da dare shi shimhiɗa tabarma shi aza rediyo bisa ƙirji. In na yi magana shi ce wai tunani shikai. Don Allah Kawu wanga shi na rubutu?
Daga wata ƙanwarka, Argungu

Amsa: Lahiya lau ƙanwata. Sai da na karanta wa uwargidana saƙon nan, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in tambaye ki ko mijinki yana da wa a Birnin Kebbi. To kin kawo ƙara wurin alƙalin da shi ma ake tuhuma, amma zan yi ƙoƙarin adalci.

Tantabaru ashirin da 'yan kai gare ni, a tsofaffin tukwane da na jera bayan kicin. Mutum zai ce ɓata lokaci ne, ni kuwa a wurinsu na koyi zama in kalli abu har in gan shi. Shekara nawa ina ganin tantabara ban taɓa lura da yadda take shan ruwa ba sai wata bazara da zafi ya hana ni komai na zauna a kan turmi ina kallo, kaza tana tsoma baki ta ɗaga kai sama ta haɗiye, ita tantabara tana tsoma bakin ne ta yi ta zuƙa ba ta ɗagowa sai ta ƙoshi. Ƙwai biyu take yi, kwana sha bakwai zuwa sha takwas su ƙyanƙyashe, kuma kwancin karɓa-karɓa suke yi, namijin ya hau da hantsi ya riƙe har wajen la'asar, macen ta karɓa ta kwana a kai. Akwai wani baƙin namiji da nake da shi mai son yawo, kullum sai ya makara, in ya dawo macen ba ta tashi nan take, sai ta juya masa ƙeya ta bar shi tsaye a bakin tukunya yana ta guɗa yana zagaye. Wallahi daga nan na ɗauko wani miji da matarsa a labarin da na rubuta bara, har masu karatu suna tambayata ko maƙwabtana ne.

Dara kuma, ke kin ga maza zaune a ƙasa suna tura tsinke da dutse a rami talatin, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu yana neman ya jera uku ya ci na wani. Abun da ba ki ji ba shi ne maganar da ake yi a wurin. Babu inda dattijo yake sakin baki irin gindin dara, nan za ki ji farashin taki, da wanda ya saki matarsa, da wanda shinkafarsa ta rani ta ƙone don kuɗin man injin ban ruwa ya gagara, da habaici kala-kala wanda ba ya cikin kowane ƙamus. Muna da wani tsoho a majalisarmu da bai taɓa yarda an cinye shi ba, in aka kwashe masa 'ya'ya tas sai ya kaɗe riga ya ce "wanga ba ci na ba, rance na." Ko shekara zan yi a kulle a ɗaki ba zan ƙirƙiro wannan maganar ba. Ranar da na fara jin ta a bayan takardar maganin sauro na rubuta ta don kada ta gudu.

Ke da kike Argungu ai kin fi ni sani, ruwan Matan Fada ana tsare shi ne a hana kamun kifi a wurin, sai ranar biki a saki dubban masunta da homa da gora, cikin kamar awa ɗaya a fito da giwan ruwan da mutum biyu ke ɗauka. Wanda ya zo wucewa a sauran watanni zai ce ba a komai a ruwan nan.

To amma kada maigida ya karanta nan ya tsaya, ga sauran. A cikinmu akwai masu fakewa da guzuma su harbi karsana, sunan marubuci ya zame musu rumfar lalaci, shekara biyar ana "tunani" ba a ga ko gabatarwa ba. Yadda za ki gane mai sauƙi ne, ranar wanki ki laluba aljihun rigarsa. In kika samu guntayen takardu da 'yan kalmomi a kai, ko kika gan shi yana danna wani abu a waya da sauri bayan ya dawo daga dara, to yana tarawa ne, ki ƙyale shi, kuma don Allah kada ki jiƙa su. In aljihun ba komai sai ɓawon goro, sannan ruwa ya sauka gari ya yi sanyi har gero ya fitar da kai bai zauna ya rubuta komai ba, ki sake rubuto min, ni da kaina zan canza masa suna zuwa sarkin tantabara a wannan shafin. Duk wannan kuwa in cefane yana shigowa ne. In dara ta hana cefane ba maganar adabi ba ce kuma, ta waliyyai ce.

Tambaya: Kawu ni ɗalibi ne, inaso in rubuta littafi a hutun nan amma gaskiya inaga garinmu ba wurin rubutu bane, duk manyan marubutan duniya a ƙasashen sanyi suke. Ina tunanin in tara kuɗi in tafi Jos wurin wani abokina ko wata ɗaya ne. Meye shawararka?
Daga wani ɗalibi, Aliero

Amsa: Ɗana, in kana son ganin Jos ka je, gari ne mai daɗi, ka sha sanyi ka ci dankalin Turawa ka dawo. Amma kada ka ɗora wa littafi kuɗin mota. Ga Gwandu nan kusa da kai, ka hau mota ka je ka tsaya a hubbaren Malam Abdullahi ƙanen Shehu da tsakar rana a watan huɗu, ka tuna cewa a wannan garin, cikin irin wannan ranar, kusan shekara 200 da suka wuce mutumin nan ya zauna da alƙalamin kara da tawada ya rubuta tafsiri da fiƙihu da nahawu da waƙoƙi, ga mulki a wuyansa ga ɗalibai a ƙofa, babu fanka babu sola. Abu guda da suka fi mu shi ne ɗaki. Ginin ƙasa mai kauri da rufin azara yana hana zafin rana shiga, mu kuwa mun yi bulo da kwano, bango ya yini yana shan rana da dare ya amayo mana, shi ya sa ƙarfe goma na dare ɗaki ya fi tsakar gida zafi. In akwai tsohon zaure a gidan kakanninka, can ne Jos ɗinka.

Su Turawan da kake hange, nasu lokacin zafin daga watan 6 zuwa na 8 ne, shi suke ɗoki duk shekara don su fita waje su sha rana, lokacin mu nan muna cikin damina. Kowa da yanayin da yake kuka da shi. Kuma mi za ka rubuta a Jos? Kai da ka tashi cikin warin albasa, ka san yadda ake cire ta a wannan lokacin a shanya, ka san fargabar manomi in ya adana ta tana ruɓewa yana jiran tsada, ka san yaren dillalai da direbobin da ke lodi zuwa kudu, wannan duk babu wanda ya rubuta mana shi yadda ya kamata.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni matsalata bacci ne, da na ci abincin rana na zauna zan yi karatu ko rubutu sai gyangyaɗi, na gwada shayi mai kauri na gwada lemon kwalba mai ƙanƙara duk a banza. Kai me kake sha?
Daga wani malamin firamare, Talata Mafara

Amsa: Malam barka kadai. Ruwan randa nake sha, sai fura da nono in rana ta take, sai zoɓo ko tsamiya da yamma in uwargida ta ga dama. Tunda aka cire tallafin mai a watan 5 na 2023 janaretana ya zama wurin kwanan kyanwa, ƙanƙara kuwa a watan huɗu sai ka yi layi, ka kawo ta gida rabi ya narke a leda. Randa ba ta yi min haka. Jikinta yana tsattsafar da ruwa, iskar bazara mai bushewa ta kwashe, garin kwashewar take tafiya da zafin, shi ya sa sabuwar randa ta fi tsohuwar da ƙofofinta suka toshe sanyi, kuma wadda aka shafa wa fenti ko siminti an kashe ta. Tawa tana kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa inda iska ke ratsawa, na naɗa mata buhun algarara ina yayyafa masa ruwa. Da wannan dabarar ce wani malami daga Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000, abun da kakanninmu mata suka sani tun tuni.

Gyangyaɗin kuwa kada ka yi faɗa da shi, ba ka cin nasara. Ka rage tuwo da rana, ka yi ƙailula ta minti talatin, ka tashi ka watsa ruwa. Azumin 2022 da ya cinye watan huɗu kusan gaba ɗaya shi ya koya min wannan, ban taɓa rubutu mai yawa kamar na bayan sahur ɗin shekarar ba. Mangwaro ma yana taimako, ni binta suga nake so, amma ka sha shi nesa da takarda, akwai wani babi nawa da har yau ƙudaje suka fi mutane son shi.

Tunda daga Zamfara kake bari in ƙara wannan, kun ga abun da sanƙarau ya yi a 2017. Lokacinsa ke nan, kada a cunkushe a ɗaki ɗaya a rufe taga, a fito tsakar gida da gidan sauro, in yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai wuyansa ya ƙage a nufi asibiti a ranar, ba sai gobe ba.

Tambaya: Kawu littattafaina sun fi ɗari a kwali ƙarƙashin gado, jiya na jawo na ga gara ta fara cin na ƙasa. Ya zan yi kafin damina?
Daga wani mai karatu, Yauri

Amsa: Ka fito da su yau, kwali a ƙasa gayyatar gara ce, ku kuma Yauri ga laimar kogi. Ka kaɗe su ɗaya bayan ɗaya, ka shanya a inuwa ba a rana ba don rana tana narkar da gam ɗin bango, wanda gara ta shiga ka ware shi daban. Ka samu kanta ko akwatin ƙarfe ka ɗora a kan bulo, kada ya jingina da bango, ka zuba busasshen ganyen dogon yaro a ciki, ka kuma bi hanyar garar ka ga inda ta ɓullo don in ba ka tone gidan ba za ta dawo. Wannan shi ne aikin da nake yi duk ƙarshen bazara, kuma kwana uku yake ɗaukata maimakon yini guda, don duk littafin da na ɗaga sai na buɗe na tsaya karatu.

Ka kuma hau ka duba kwano tun yanzu, kada ka jira hadarin farko, don shi ba ya sallama. Shekara uku da suka wuce ina zaune a nan inda nake da shafi goma sha ɗaya na wani labari a kan tabarma, gabas ta yi ja, na ce bari in ƙarasa layi ɗaya, kafin in ɗiga aya iska ta taso da ƙura ta kwashe su gaba ɗaya ta haura katanga. Ni da yara muka bi unguwa da tocila muka tsinto takwas, biyu ba a sake ganinsu ba, ɗaya kuwa a bakin akuyar maƙwabta muka same shi, ta cinye rabi, daidai inda yarinyar za ta ba saurayin amsa. Na sake rubuta wurin amma na manta mi ta ce masa da farko, sai na sa ta ƙi shi.

Masu tambaya a kan kuɗin buga littafi ku yi haƙuri sai wata mai zuwa, rana ta iso tabarmata.